Babi na 4: Ɗinkin Gicciye

Darasi na ɗaya: kayan aiki

'Yan uwa mata, wannan ɗinki ba ya buƙatar keke, hannu ne kawai da ido da zama wuri ɗaya. Ki nemi yadin Aida, shi ne mai ƙananan huda a jere, duk huda huɗu sun zagaye gida ɗaya. Akwai mai lamba 14, wato gida 14 a cikin inci ɗaya, akwai kuma mai lamba 11 wanda gidajensa sun fi girma, in idonki ya fara rauni ki sayi mai 11 ɗin, babu abin kunya a ciki. Allura kuma ba ta ɗinkin kaya ba, ki ce a ba ki mai dakusasshen baki da faffaɗar kafa, lamba 24, don ita huda take bi, ba yadi take ɓulawa ba. Zaren kamfanin DMC ko makamancinsa sili shida yake zuwa a haɗe, ki yanko kamu ɗaya, daga yatsa zuwa gwiwar hannu, sai ki zaro sili biyu ki zura. Biyu na ce, ba shida ba.

Darasi na biyu: gicciye ɗaya

To nan ne aikin yake, ki gyara zama. Ninka yadin biyu, ki sake ninkawa, inda layukan suka haɗu nan ne tsakiya kuma daga nan ake farawa. Kar ki yi ƙulli, ki bar ɗan jelar zare a baya ki danne da yatsa, ɗinkin da zai biyo baya shi zai riƙe ta.

Dubi gida ɗaya tak. Dama ita ce hannun da kike cin abinci da shi, ɗayan hagu. Fito da allura daga bayan yadi ta hudar ƙasa ta hagu, ki shigar ta hudar sama ta dama. Kin yi rabi ke nan. Yanzu fito ta hudar ƙasa ta dama, ki shigar ta hudar sama ta hagu, shikenan gicciye ya fito.

Mu sake faɗa tare: ƙasan hagu, saman dama, ƙasan dama, saman hagu. Ki faɗa da baki hannu yana yi, ko yara sun yi miki dariya ki ƙyale su. A gida na gaba ma ƙasan hagu za ki fara, na bayansa ma ƙasan hagu, don zaren da ke sama dole duk ya kwanta gefe ɗaya, in wannan ya kalli gabas wancan ya kalli yamma ɗinkin zai fito dabbare-dabbare ko da kalar zaren ɗaya ce, kuma daga nesa ake ganewa. In kin rikice ba komai, zare allurar, ki sa bakinta ki ɗago zaren a hankali ki warware, kowa ta nan ya bi. Daga ina za ki sake farawa? Ƙasan hagu. Madalla.

In layi ne mai gida goma, ki yi rabi-rabi daga hagu zuwa dama har goma, sannan ki dawo kina rufewa. Tafiya ƙasan hagu zuwa saman dama, dawowa ƙasan dama zuwa saman hagu. Kar ki ja zaren da ƙarfi har huda ta buɗe baki, ya kwanta kawai.

Amma dan Allah ku ji tsoron Allah ku daina juya yadin sama ya koma ƙasa, ko gefe ya koma sama, kuna tsakiyar aiki. Wata sai ta ajiye ta je ta duba tukunya, ta dawo ta ɗauka ta wani gefen, hagu ta zama ƙasa, zaren sama ya kwanta ɗaya gefen, sannan ta kawo min wai yadin ne ba shi da kyau. Yadi lafiyarsa lau. Ki sa alama da fensir a gefen sama tun farko. Kuma wadda ba ta cika layi uku masu kyau ba kar ta tsallaka darasi na gaba, ina nufin hakan.

Darasi na uku: bin zane

Kowane gida a takardar zanen da kike bi gicciye ɗaya ne a yadi, kowace alama kuma kalar zare ce. Ki ƙirga kafin ki soka allura, wanda kika gama ki soke shi da fensir. Zane mai faɗin gida 28 inci biyu zai ci a yadi mai lamba 14, sai ki ƙara inci biyu a kowane gefe. Ki fara da harafin farko na sunanki, dagin Arewa sai hannu ya faɗa. Zaren sama dai gefe ɗaya.

Darasi na huɗu: rigar filo

Ki ɗinka fure ko suna a ƙyallen Aida, ki kai wa tela ya ɗora a kan rigar filo. Yana kyau a kayan ɗaki.

Darasi na biyar: gamawa

Ki cusa ragowar zare ƙarƙashin ɗinki huɗu a baya ki yanke. A wanke da ruwan sanyi, a kife a kan tawul a goge ta baya.