Yadda ake fita kallon tsuntsaye a farkon bazara

A ƙasashen da hunturu ke zuwa da ƙanƙara, irin su Turai, makonnin da ke tsakanin tsakiyar Maris da ƙarshen Afrilu sun fi kowane lokaci yi wa sabon shiga sauƙi. Itatuwa ba su gama tofo ba, tsuntsu bai da ganyen ɓuya. Mazan kuma sun cika gari da kuka, kowa na neman mace yana shata iyakarsa. Ga 'yan ci-rani da suka yi hunturu a Afirka suna komowa, ciki har da tsattsewa, wadda nauyinta kimanin giram 20 ne kawai amma ta ƙetaro Sahara da Bahar Rum.

Abu na farko shi ne sammako. Ka isa wurin kamar rabin awa kafin rana ta ɓullo, lokacin kukan ya fi tashi, iska kuma a kwance take. Zaɓi inda wuri biyu suka haɗu, kamar bakin kurmi da fili, ko gefen tafki mai ciyayi. Sa tufafi marasa ƙyalli, ka ɗora rigar sanyi, don safiyar Maris ba ta da tausayi.

Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar. Takwas ɗin na nufin yana kusanto da abu sau 8, 42 kuwa faɗin gilashin gaba ne da milimita. Kada ka ruɗu da mai ƙarfi sosai, hannu na rawa kaɗan hoton zai yi ta tsalle.

Yanzu aikin da yawancin mutane ke kasawa: tsayawa cik. Juya wa rana baya domin haske ya sauka kan tsuntsun, ka jingina da itace, ka yi shiru na minti goma. Da isowarka komai zai ɗauke wuta. Ka jure. Can sai ka ji ɗaya ya gwada murya, wani ya amsa daga nesa, kafin ka ankara reshen da ke kanka ya motsa. Kunne ke fara kamawa, ido ya biyo baya. In ka hango shi, kada ka sunkuya neman madubi. Kafe idonka a kansa, ka ɗago madubin zuwa fuskarka. Wanda ya kau da kai daƙiƙa ɗaya sai ya tarar da reshe kawai yana lilo.

Kafin ka damu da suna, auna shi da wanda ka sani. Ya kai kurciya, ko ya kusa hankaka? Bakin gajere ne mai kauri na fasa iri, ko siriri na tsintar ƙwari? A ƙasa tsalle yake yi ko taku? Wutsiyar a rabe take? Rubuta duka nan take. Launi ni a ƙarshe nake sa shi, don hasken asuba maƙaryaci ne.

Bayan haka sai ka buɗe waya. Manhajar Merlin ta cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Cornell kan saurari kuka ta faɗi mai shi, sai dai takan yi kuskure, don haka ka tabbatar da idonka. Abin da ka gani kana iya shigar da shi a eBird, shafin intanet na tattara bayanan tsuntsayen da aka gani, wanda aka buɗe a 2002, masu bincike kan ƙaurar tsuntsaye na amfani da shi.

In kuna da yawa, a daina nuni da hannu ana ɗaga murya. Ɗauki itacen kamar fuskar agogo, ka ce a hankali, "ƙarfe biyu, reshen da ya bushe."

Ka riƙa duban ƙasa ma. A bakin ruwa za ka ga ƙwan kwaɗi dunƙule kamar kumfa, a fili kuma zomayen daji biyu a tsaye suna dambe, galibi mace ce ke korar namijin da ya matsa mata. Tsuntsun da ka gani da ciyawa a baki sheƙa yake ginawa, ja da baya. Kada kuma ka kunna masa kukan ɗan'uwansa a waya don ya fito, zai ɗauka abokin gaba ne ya shigo, ya bar aikinsa yana neman faɗa.