Kurakuran sabon incaji a asibitin ƙauye

Duk shekara ana turo mana yara da suka fito daga makarantar koyon aikin lafiya, a damƙa musu asibitin sha-ka-tafi, kuma ramin da na faɗa tun ina saurayi shi suke faɗawa. Bakina ya gaji, bari in rubuta.

Babban kuskure shi ne shiga gari ba sallama. Da aka fara tura ni ƙauye, na sauka da farar rigata, na sa ranar rigakafin ƙyanda, na manna takarda a ƙofar asibiti. Na zauna tun hantsi har la'asar, mata uku suka zo, ɗaya ma ciwon kai ya kawo ta. Na yi ta cewa mutanen nan jahilai ne. Da mako ya zagayo mai unguwa ya aiko kirana. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, mutanenka ba sa son lafiya." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yaro, wa ka gaya wa ka zo? Kuma a gidanku ranar kasuwa ake kai yara allura?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Kafin in gyara, bazara ta shigo da ƙyanda, har da ni aka kai wasu yaran makwanci.

To ku ji da kyau! Mace ba ta fito da ɗa sai maigida ya yarda, shi kuma maigida kunnensa na wurin liman da mai unguwa. Wanda ya raina wannan ya tuna Kano a 2003, da aka dakatar da rigakafin shan inna har tsakiyar 2004. Ba banza mutane suka tsorata ba, suna tune da gwajin maganin kamfanin Pfizer na 1996 lokacin annobar sanƙarau. Sai da sarakuna da malamai suka shigo gaba aka samu kan jama'a, har a 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali. Ni yanzu idan aka canza mini gari, makon farko gaisuwa kawai nake yi: dagaci, liman, ungozoma, har da wanzami. Shela kuma ta sanƙira ce, ba ta takarda ba. Da ɗan gari akan ci gari.

Na biyu, firji. Kowa zafi yake tsoro, sai ya daskarar da magani yana ganin ya yi dabara. Awon sanyin da ake so daga digiri 2 zuwa 8 ne a ma'aunin Celsius. Allurar Penta, mai rigakafin cututtuka biyar, da ta tetanus idan suka daskare sun mutu, ka yi ta tsira wa yara ruwa kana cika rajista. Na taɓa zubar da akwati guda saboda na jingina kwalabe da ƙanƙara. Tun ranar ba na sa ƙanƙara a akwati sai ta yi gumi, na girgiza na ji ruwa na motsi a ciki. Ta ƙyanda da BCG ta tarin fuka kuwa, in ka haɗa kowacce da ruwanta, awa 6 ta cika ka zubar, ko da kwalbar ta fi rabi. Wasu na ganin asara ce, ni ban taɓa jin ciwonta ba.

Sauran ƙanana ne, amma suna cin mutum. Kar ka ƙara adadi a rajista don ka burge ƙaramar hukuma. Ranar da mashaƙo ya ɓarke kamar na 2023, rajistar ce za ta tona ka. Kar ka yi wa uwa tsawa don ta ɓatar da kati, ba za ta dawo ba. Ungozoma ba kishiyarka ba ce, ita ke sanin mai ciki kafin kowa. Maganin da aka ce kyauta ne kuma, kar in ji ka karɓi ko naira hamsin da sunan kuɗin sirinji.