Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Shirya wa Yara Wasan Guje-guje

Wasan guje-guje na rukuni, inda wasu yara ke bin wasu su taɓa su, ba ya cin kaya. Fili da usur sun isa. Sauƙin nan ne ke sa masu kula da ƙungiyoyin yara su fara shi ba shiri, sai ka ga wasan da aka soma da ihun murna ya ƙare da kuka.

Kuskuren da ya fi damuna shi ne dokar "wanda aka taɓa ya fita". Ku lura da waɗanda ake fara kamawa: ƙaramin cikinsu, da mai jiki, da wanda bai saba gudu ba. Kafin minti ɗaya suna gefe a zaune, alhali su ne suka fi kowa buƙatar motsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2020, ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su riƙa samun aƙalla minti 60 na motsa jiki sosai a kullum, kuma yaron da ke kallo daga gefe ba ya samun komai a ciki. Gyaran ba wuya. Wanda aka taɓa ya tsaya cak a inda yake, ya miƙa hannu, har ɗan rukuninsa ya zo ya taɓa shi ya cece shi. Ko kuma ya koma cikin masu kamu. Ni na fi son tsarin ceto, domin yana sa mai saurin gudu ya sa kansa cikin haɗari saboda abokinsa, kuma yaron da ba a kula da shi yakan lallaɓa ya ceci mutum uku ba wanda ya gan shi.

Sai rabon rukuni. Idan aka ce yara biyu su zaɓi mutanensu, akwai wanda za a bari a ƙarshe, kuma ciwon hakan yakan daɗe a ransa. Ku jera su ku ƙirga ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. Ku duba shekaru kuma: ɗan shekara 12 na iya ninka ɗan shekara 6 nauyi, idan suka yi karo ƙaramin ne zai sha ƙasa.

Da yawa suna mayar da bango ko bishiya iyakar fili. Yaron da ake bi baya yake waiwaye, ba ya ganin abin da ke gabansa. A shata iyaka da igiya ko alama mai laushi, a bar taku kaɗan tsakaninta da duk wani abu mai tauri. Kafin yara su shiga, a zagaya filin a kwashe duwatsu da fasassun kwalabe, a duba ramuka. Idan ana yawan karo, fili ya yi kaɗan. Idan masu kamu sun gaji ba su kama kowa ba, ya yi yawa, sai a rage shi ko a ƙara musu mutum.

Dogon bayani ma ɓata lokaci ne. Doka uku sun isa, a gwada su da yara biyu a gaban kowa. Abu na farko da za a koya musu shi ne, da an busa usur kowa ya tsaya.

Ita kanta taɓawar a fayyace ta: da tafin hannu, a kafaɗa ko a baya, ba turi, ba jan riga. Gardamar "ai ba ka taɓa ni ba" kuwa tana mutuwa idan kowa ya soke ƙyalle a ƙugu, wanda aka zare nasa an kama shi ke nan. Idan an ware wurin fakewa, wasu za su maƙale a can har a tashi, don haka mai fakewa ya ƙirga goma ya fito.

Kada zagaye ɗaya ya wuce minti biyu zuwa uku. A canja masu kamu, a sha ruwa, musamman in ana zafi, domin yaro idan wasa ya yi daɗi ba zai ce ya gaji ba. Mai asma ya zo da abin shaƙarsa, a ajiye shi kusa.

Babban da ke kula da wasan ya tsaya a gefen da zai ga kowa, waya a aljihu. Idan yaro ya bugu a kai, ya bar wasa a ranar ko da ya ce ya warke, a kuma sanar da iyayensa. In ya fara amai, ko barci na fizgarsa, ko maganarsa ta rikice, a kai shi asibiti nan take.