Gano cibiyar nauyin inji a SolidWorks kafin a yanka ƙarfe

Injin sussukar shinkafa mai taya biyu, irin wanda masu walda ke haɗawa a Birnin Kebbi da Argungu, babban abin tsoronsa rinjaye ne. Injin dizal na gefe guda, ganga na can sama, rami ɗaya a hanyar fadama ya isa ya kifar da shi. Shi ya sa ba na miƙa wa mai walda zane sai na ga inda cibiyar nauyi, wato wurin da nauyin injin gaba ɗaya yake daidaita, ta faɗa.

A SolidWorks, manhajar zanen inji a kwamfuta, kada ka yi saurin buɗe haɗaɗɗen zanen, wato wanda ya tattara dukkan sassan wuri ɗaya. Bi sassan ɗaya bayan ɗaya, ka danna dama a kan Material, ka faɗa wa manhajar abin da za a ƙera kowanne da shi. Nan aikin yake. Sashen da ka tsallake, SolidWorks zai lissafa shi da nauyin ruwa, kilo 1000 a mita kubik, alhali ƙarfe 7850 ne, alminiyam 2700. Firam ɗin da ka manta ya koma kusan kashi ɗaya cikin takwas na nauyinsa ke nan, kuma babu gargaɗin da zai fito maka.

Injin dizal ɗin kuwa, ni akwati kawai nake zanawa a madadinsa. Ɗora na gasken a kan sikelin buhu, sannan ka shiga Mass Properties na sashen, ka danna Override Mass Properties, ka rubuta abin da sikeli ya nuna. Matsa da cibiyarsa wajen fulawil, wato faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a gefen injin, can nauyin ya fi taruwa.

Yanzu buɗe haɗaɗɗen zanen, ka je Evaluate, ka danna Mass Properties. Zai ba ka mazaunin cibiyar nauyi da lambobi uku, X, Y da Z, dukkansu daga mafarin zanen ake aunawa, don haka nake sa mafarina a tsakiyar gatarin tayoyi. In kana son gani da ido, bi Insert, Reference Geometry, Center of Mass. Wata 'yar alama mai baƙi da fari za ta fito, tana matsawa duk sanda ka matsar da wani abu. Sashen da ka yi wa Suppress, wato ka dakatar da shi daga zanen, ba ya cikin lissafi, ka kula. Masu amfani da manhajar Fusion 360, naku yana ƙarƙashin Inspect.

Ina gwadawa da biro ma. A ce firam kilo 80 ne a santimita 60 daga gefe, inji kilo 40 a santimita 15: ninka kowane nauyi da nisansa, 4800 da 600 sun zama 5400, raba da jimillar nauyin, 120, ka samu santimita 45 daga gefe. In ka auna duka biyun daga wuri ɗaya, kwamfuta kuma ta yi nisa da lissafin biro, akwai sashen da ba a ba shi nauyinsa ba.

Duba sau biyu, mazurari babu komai, da kuma cike da shinkafa, domin kaya na ɗaga cibiyar sama. So ake ta zauna ƙasa-ƙasa, tsakanin tayoyin, ɗan gaba da gatari ta wajen sandar ja. In ta ƙi, sauko da mazaunin injin ko ka ƙara faɗin gatari, ka sake dubawa.