Darasi a kan Chipa, Gurasar Rogo da Cuku ta Ƙasar Paraguwai

A ƙasar Paraguwai da ke Amurka ta Kudu akwai wata gurasa da ake kira chipa, wadda ake yi da sitacin rogo da cuku da ƙwai da mai, ba tare da garin alkama ko yis ba. Rogo ɗan asalin wannan nahiya ne, daga can ne Turawan Fotugal suka kawo shi Afirka a ƙarni na 16.

Mutanen Gwarani, waɗanda su ne 'yan ƙasa tun fil azal, sun daɗe suna gasa gurasar rogo kafin zuwan Turawa. Da Sifaniyawa suka kafa Asunsiyon, babban birnin ƙasar a yau, a 1537, daga baya kuma aka shigo da shanu da kaji, sai madara da cuku da ƙwai suka shiga cikin kwaɓin. Saboda haka kuskure ne a ce Turawa ne suka ƙirƙiro ta, domin tushen nata na Gwarani ne.

Darajarta ta fi fitowa a makon da Kiristoci ke yi kafin bikin Ista. Ran Laraba iyali kan taru, manya da yara, su kwaɓa mai yawa, su gasa a tandar ƙasa da ake kira tatakuwa, don a sami abin ci ran Juma'a, ranar da ba a cin nama. Sauran kwanakin shekara mata ne ke tallarta cikin kwando a bakin hanya da cikin motocin haya. A 2014 doka ta ware Juma'a ta biyu ta watan Agusta a matsayin ranar chipa.

Mai son gwadawa ya sami sitacin rogo rabin kilo, cuku mai gishiri rubu'in kilo, ƙwai 3, madara da man shanu kaɗan. Ya fara buga ƙwan da man, ya marmasa cukun a ciki, sannan ya zuba sitacin, yana ƙara madara kaɗan-kaɗan har kwaɓin ya daina kama hannu. Sai ya mulmula shi kamar ƙananan awarwaro, ya gasa a tanda mai zafi sosai na kusan minti 20. A ci da ɗumi, domin idan ta kwana takan yi tauri. Wasu a can suna sa man alade, don haka Musulmin da ya je ƙasar ya tambaya kafin ya saya.