Ciki, haihuwa da jego a ƙasar waje: abin da za a shirya tun daga Kano

A Kano mace ba ta ɗaukar ciki ita kaɗai. In na fari ne, da ya kai wata bakwai za a zo a ɗauke ta zuwa gidan iyayenta goyon ciki, ba za ta koma ɗakinta ba sai ta yi arba'in. Wata ta dafa ruwan wanka, wata ta dama kunu, gwaggo ta karɓi jariri maijego ta samu barci. Ba wanda ya raba musu aikin, haka aka taso aka gani. Ranar da kika sauka a Ingila ko Saudiyya ko Jamus, duk waɗannan ayyuka suna nan, matan da ke yin su ne babu. Don haka babban shiri shi ne ke da maigida ku zauna ku lissafa su ɗaya bayan ɗaya, kowanne a san wanda zai ɗauka. Misalan da ke nan yawancinsu na Ingila ne, sai ki tambayi yadda abin yake a ƙasar da za ki.

Kafin a bar gida

Ki je inda kike awo, ko Asibitin Malam Aminu Kano ne, ko Murtala, ko na kuɗi, ki nemi a rubuta miki bayanin cikin a takarda mai hatimin asibiti. Katin awo shi kaɗai bai isa ba. A sa ranar da kika ga al'adarki ta ƙarshe, da hoton ciki na farko, domin shi ya fi faɗin ainihin watannin ciki. A sa rukunin jininki, da sakamakon gwajin sikila naki da na maigida, da na ciwon hanta nau'in B, da na ƙanjamau, da yawan jini. In an taɓa yi miki aiki, ko kin taɓa ɓari, ko jininki ya taɓa hawa har kika yi jijjiga, a rubuta.

Abu biyu a nan suna da nauyi. Idan rukunin jininki negatif ne na maigida kuma fozitif, akwai allurar Anti-D da ake yi wajen sati 28, a kuma sake cikin awa 72 bayan haihuwa in jinin jaririn fozitif ne. Tsallake ta ba lallai ya taɓa wannan jaririn ba, na bayansa ne ke shan wahala. Idan kuma ku biyun AS ne, ki faɗa tun ranar farko, saboda kowane ciki yana da kashi ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS.

Takardar aure ma ki riƙe ta. Da yawa an ɗaura musu aure a masallaci ba su da komai a rubuce, alhali a yawancin ƙasashen Larabawa sai da ita ake yi wa jariri takardar haihuwa. A duba rubutun suna ya zama iri ɗaya a fasfo da takardar aure da takardun asibiti. A'isha a nan, Aishatu a can, ya isa ya riƙe ku makonni.

Yawancin kamfanonin jirgi suna ɗaukar mai ciki har sati 36, mai tagwaye har 32, kuma daga sati 28 suna neman wasiƙar likita wadda ba ta daɗe da rubutawa ba. Kowane kamfani da dokarsa, a tambaya kafin a yanki tikiti. Tafiyar da ta wuce awa huɗu tana ƙara haɗarin daskarewar jini a ƙafa, don haka ki nemi kujerar bakin hanya, ki riƙa tashi kina ɗan zagayawa, ki sha ruwa, ki sa safar nan mai matse ƙafa. Allurar shawara ba a cika yi wa mai ciki ba. Wadda ta san za ta yi tafiya ta yi ta tun kafin ciki ya shiga.

Tsarabar jego kuwa, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da garin kunu galibi ba su da matsala in an ɗaure su da kyau an kuma nuna wa jami'an kwastan. Kilishi da dambun nama da man shanu, Ingila ta hana shigar da su daga Najeriya, za a ƙwace ne a zubar.

Wa zai biya asibiti

A warware wannan kafin komai. A Ingila, wadda ta shiga da bizar aiki ko karatu, ko ta biyo mijinta da irin wannan bizar, ta riga ta biya kuɗin lafiya tare da bizar, don haka awo da haihuwa ba sai ta sake biya ba. Wadda ta shiga da bizar ziyara ba za a kore ta daga asibiti ba, amma za a caje ta kashi 150 cikin ɗari na kuɗin aikin, kuma bashin da ya kai fam 500 in ba a biya ba yana iya hana ta biza nan gaba. Inda ake aiki da inshora, maigida ya karanta takardar da idonsa: ta haɗa da haihuwa, ta haɗa da tiyata, ta haɗa da kwantar da jariri a kwalba? Wasu sai an yi watanni ana biya kafin su ɗauki nauyin haihuwa.

Awon farko, da maganar kunya

Satin da kika sauka ki yi rajista da likitan unguwa, wanda suke kira GP, ki nemi ganin ungozoma. An fi so a yi zaman farko kafin sati goma. Ana hoton ciki tsakanin sati 11 da 14, a sake tsakanin 18 da 21, gwajin sukarin ciki kuma tsakanin 24 da 28. Zaman farko yakan ɗauki kusan awa guda, kuma za a yi miki tambayoyin da a gida ba a saba ba: ko ke da mijinki 'yan'uwa ne, ko an yi miki kaciya, ko ana dukanki. Wata tambayar sai an fitar da maigida. Ba zargi ba ne, kowa ake wa. In Turancin bai zauna ba ki nemi tafinta, kyauta ne. Kina da damar neman mace ta duba ki, sai dai in abin gaggawa ya taso wanda ke bakin aiki shi zai zo. Takardar amincewa da tiyata kuma ke za ki sa hannu, ba miji ba, saboda haka ku tattauna tun ciki bai tsufa ba.

Ga inda muka fi ganin matanmu suna cutuwa. An tarbiyyantar da mu a kan dauriya. Mai naƙuda ba ta ihu, mai cikin fari ba ta ma ambaton cikin, an tambaye ki ya jiki kin ce da sauƙi. A gida wannan ba ya kashewa da sauri, domin akwai tsohuwar da za ta kalli fuskarki ta ce a tafi asibiti. Ungozomar can da abin da kika faɗa take aiki, sau da yawa ma ta waya. Kika ce da sauƙi, za ta rubuta da sauƙi. Ki faɗi abin yadda yake: tun yaushe, a ina, ya kai yaya.

Waɗannan ba a kwana da su: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari, zubar jini ko kaɗan ne, fashewar faya, raguwar motsin jariri, da zazzaɓi. A kira ɗakin haihuwa ko da ƙarfe biyun dare ne. Lambar gaggawa 999 ce a Ingila, 112 a ƙasashen Turai, 911 a Amurka da Kanada. Zazzaɓi kuwa ki buɗe baki ki ce daga Najeriya kika zo, a gwada maleriya, don likitan da bai saba ganinta ba zai iya ɗaukarta mura.

Ki sha folik asid mikrogiram 400 kullum tun kafin ciki har sati 12. Mai sikila ko ciwon suga akan ba ta miligiram 5, likita ne zai rubuta. Bitamin D mikrogiram 10 kullum, domin mai duhun fata da ke rufe jiki a ƙasar da rana ba ta da ƙarfi ba ta samun isasshe. Maganin ƙarin jini kar a kora shi da shayi, shayi na hana jiki ɗaukarsa.

Haihuwa da suna

Jakar asibiti ta kasance a bakin ƙofa daga sati 36. Kujerar jariri ta mota a saye ta a koyi ɗaura ta tun kafin ranar. Idan naƙuda ta fara, akan ce ki zauna a gida sai ciwon yana zuwa duk bayan minti biyar yana ɗaukar kusan minti guda. Akwai iskar shaƙa da allurar baya don rage ciwo, karɓarsu ba ragwanci ba ne. Maigida zai shiga ɗakin haihuwa, shi ne uwa shi ne gwaggo ranar, shi zai yi wa jariri kiran salla a kunne. In lafiya aka haihu, ana iya sallamarki a ranar ko washegari.

Ragon suna ba a yanka shi a tsakar gida ko bayan gini. Ko a ba mahaucin halal, ko a turo kuɗi Kano a yanka a raba, a raɗa suna a masallacin can. Rajistar haihuwa kwana 42 ake bayarwa a Ingila da Wales, 21 a Sikotlan. Haihuwa a Ingila ba ta ba yaro zama ɗan ƙasa kai tsaye tun 1983, haka ma Saudiyya ba ta bayarwa. Amma sashe na 25 na tsarin mulkin 1999 ya ce wanda aka haifa a waje ɗan Najeriya ne muddin ɗaya daga iyayensa ɗan ƙasa ne. Sai a nemi lambar NIN da fasfo ta ofishin jakadanci, sannan a nema masa izinin zama kafin a fita da shi, in ba haka ba komawa za ta yi wuya.

A kwana na biyar ana ɗigar jini daga dugadugin jariri, cikin abin da ake dubawa har da sikila. Allurar BCG ta tarin fuka ba kowane jariri ake wa ba a Ingila, amma namu suna cikin waɗanda ake wa, wajen kwana 28. Ki tuna musu.

Jego ba Hajiya

In ana so Hajiya ta zo, a fara neman bizarta tun ciki yana wata biyar ko shida, a yi mata inshorar tafiya, ta taho da magungunanta da takardar likita. In ba ta samu zuwa ba, hutun da doka ta ba uba a Ingila sati biyu ne kacal, sai ya haɗa da hutunsa na shekara. A dafa miya da farfesu a zuba a firiza tun kafin haihuwa. A je masallaci a nemi matan Hausawa ko sauran 'yan Najeriya tun da ciki, ba sai ranar buƙata ba.

Wankan jego a yi da ruwa mai ɗumi wanda gwiwar hannu ke iya jurewa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego da tafasasshen wanka da kwanciya a gadon wuta da kunun kanwa, domin kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana ɗora wa zuciya kaya. Kunun gyaɗa da na tsamiya sun wadatar. Wadda aka yi wa aiki ko ɗinki ba a gasa mata wurin. Maijegon da ke haki in ta kwanta, ƙafafu sun kumbura, tana tari da dare, asibiti za a kai ta a ranar.

Cibiya a bar ta a bushe, ba gashi ba man goge baki, za ta faɗi da kanta cikin sati ɗaya zuwa biyu. Kwalli kar ya taɓa idon jariri, an sha samun dalma a cikinsa. Zuma sai ya shekara. Nono zalla wata shida, ba ruwa ba jiƙo. A kwantar da shi rigingine a gadonsa, ɗaki kada ya wuce zafin digiri 16 zuwa 20, kar tsoron sanyi ya sa a naɗe shi da bargo uku a kusa da hita. Cire beli ba a yi. Kaciyar mata laifi ne mai ɗaurin da ya kai shekara 14 a Ingila, ko da gida aka kawo yarinyar aka yi. Ta namiji akan biya a asibiti mai rajista.

Kuka da ƙunci a kwana na uku zuwa na biyar abu ne da aka saba, yana wucewa cikin sati biyu. In ya zarce, ba barci ba cin abinci, ba kya jin daɗin jaririn, ko mugun tunani yana zuwa miki, wannan ciwo ne mai magani, yana kama fiye da mace ɗaya cikin goma, kuma kaɗaici da duhun hunturu suna ƙara shi. Ba raunin imani ba ne, faɗarsa kuma ba ya sa a ƙwace miki ɗa. Ma'aikaciyar lafiya za ta zo gida tsakanin kwana 10 da 14, ki gaya mata. Maigida shi ma ya sa ido, don shi zai fara gani.

In akwai manyan yara, a san wanda zai riƙe su daren naƙuda, a kuma gwada kai su gidan sau ɗaya kafin ranar. Ba a barin ƙanana su kaɗai a gida ko na minti goma ne, kuma a Sikotlan da Wales doka ta hana dukan yaro gaba ɗaya. A yi musu Hausa a gida, Turanci makaranta za ta ba su. Lokacin da za a kawo jariri Kano a gan shi, a ga likita sati huɗu zuwa shida kafin tafiya saboda maganin kariyar maleriya, har da naki, domin garkuwar da kika taso da ita tana raguwa in kin daɗe ba kya gida.