Darasi na 6: Ƙwaƙwalwa, Jijiyoyi da Farfaɗiya

Ƴan'uwa, kowa ya ɗora hannu a ƙeyarsa, ya gangaro a hankali ta tsakiyar baya. Ƙashin da kuke ji, laka tana cikinsa, haɗe da ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta cika kai kilo 1 da rabi ba, amma daga can ake ba da umarnin magana da tafiya, har da fushi da haƙuri. Jijiya iri biyu ce: ta jini, da ta saƙo. Ta saƙo muke nufi a nan. Ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa shi ke motsa hagun jiki, na hagu kuma dama.

Idan saƙon ya rikice gaba ɗaya, mutum ya faɗi, jiki ya sanƙare, ya yi ta karkarwa, kumfa na fita a baki. Wannan ita ce farfaɗiya. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, kuma ba a ɗaukarta ta miyau, saboda haka kada ku gudu.

Ga abin yi, ko a gida ne ko a tsakiyar kasuwar Dole ta Damagaram. A janye shi daga murhu, rijiya ko hanyar babura. A naɗe rawani ko zane a sa ƙarƙashin kai. A kwantar da shi ta gefe, don miyau ya zubo waje. Kada a sa komai a bakinsa.

Mu sake karantawa tare: ta gefe, kuma ba komai a baki. Ba cokali, ba yatsa, ba ruwa, ba rubutu. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Cokali kan karya haƙori, ruwa kuma ya shiga huhu. Wanda ya manta, ba laifi, ya rubuta a littafinsa sau uku. Amma haba jama'a, kullum aka yi tambaya sai an sami mai cewa "a danne shi, a ɗura masa ruwa". Ba a dannewa, ba a ɗurawa. Ta gefe.

A duba agogon waya. In karkarwa ta wuce minti 5, ko ta dawo bai farfaɗo ba, a kai shi Babban Asibitin Damagaram nan take. Akwai magani, ana sha kullum, ba a tsayar da shi sai da izinin likita.

Darasi na 7: Buguwa a goshi

Gaban ƙwaƙwalwa ke riƙe da haƙuri. Wanda ya faɗi a babur ya bugu a goshi, halinsa na iya canzawa, ya koma saurin fushi. A kai shi likita. Masu kabu-kabu, a sa hular kwano.